Majalisar Dattawan da Talaka Bai Zaɓa Ba: Ƙasar Yauri da Zaɓen Tarayya na Ƙarshe Kafin Yaƙin Basasa

Daga Janairun 1960 zuwa Janairun 1966 Nijeriya tana da Majalisar Dattawa a Legas, amma a tsawon waɗannan shekaru shida babu wani manomi a Shanga, ko masunci a Wara, ko ɗan kasuwa a Yelwa da ya taɓa jefa ƙuri'ar zaɓen sanata. Tsarin mulkin wancan zamani bai ba talaka wannan dama ba, a Arewa ne ko a Kudu. Sanatoci 'yan naɗi ne, majalisun jihohi ke amincewa da su. Ƙuri'ar da talaka ke jefawa ta Majalisar Wakilai ce da ta majalisar jiharsa, kuma a Arewa ko ita ma maza kaɗai ke da ita.

An amince da kafa majalisar ne a taron tsarin mulki da aka yi a Landan a 1957. Dalilin kafa ta tsoro ne. A Majalisar Wakilai ana raba kujeru bisa yawan jama'a, kuma Jihar Arewa ita kaɗai ta fi Gabas da Yamma a haɗe. A zaɓen 12 ga Disamba 1959 kujeru 312 aka yi takara a kansu: Arewa na da 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. 'Yan siyasar Kudu na ganin cewa in aka tafi a haka, duk wanda ya riƙe Kaduna ya riƙe ƙasa. Saboda haka aka ƙirƙiro majalisa ta biyu wadda kowace jiha za ta shiga da kafaɗa ɗaya da 'yar uwarta: sanatoci 12 daga Arewa, 12 daga Gabas, 12 daga Yamma, 4 daga Legas, sai wasu 4 da Gwamna Janar zai naɗa bisa shawarar Firayim Minista. Jimilla 44 ke nan. Da aka yanko Jihar Tsakiyar Yamma daga cikin Yamma a 1963, ita ma aka ba ta 12, adadin ya koma 56.

Ba kowa ke shiga ba. Sai mutum ya kai shekara 40, domin dattawa ake nema, masu sanyaya zafin 'yan siyasa. Kujerun Legas kuwa suna da nasu tsari: Oba na Legas sanata ne saboda sarautarsa, masu sarautar gargajiyar birnin su zaɓi ɗaya daga cikinsu, a cike sauran biyun.

Yadda ake fitar da sanatocin Arewa shi ne abin lura. Gwamnan jiha ne ke gabatar da sunaye, kuma Gwamna ba ya yin gaban kansa, shawarar Firimiya yake bi. Daga nan Majalisar Sarakuna da Majalisar Dokoki su yi zaman haɗin gwiwa a Kaduna su amince. Daga 1962 Gwamnan shi ne Sa Kashim Ibrahim, Firimiya kuwa Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello. Ƙasar da ake kira Kebbi a yau tana da babban matsayi a waɗannan majalisu biyu, domin Sarkin Gwandu Alhaji Haruna ne Shugaban Majalisar Sarakuna, Alhaji Umaru Gwandu kuma shi ne Kakakin Majalisar Dokoki. Yauri ɗaya ce daga cikin masarautu huɗu na lardin Sakkwato, tare da Sakkwato da Gwandu da Argungu, kuma Sarki Muhammadu Tukur ne ke kan gadonta tun 1955. Muryar mutumin Ngaski ko na Shanga tana kaiwa ga zancen sanata ne ta hanya mai nisa: ta bakin sarkinsa, ko ta bakin wakilin da aka tura Majalisar Dokoki. Arewa tana da larduna 13 bayan shigowar lardin Sardauna a 1961, sanatoci kuwa 12 ne, ko ɗaya-ɗaya ba za su ishi lardunan ba, balle ƙaramar masarauta ta sa rai da nata.

Sanatocin farko ma sun fi haka nisa da talaka. Majalisar Dokokin Arewa da ta amince da su an zaɓe ta ne a 1956, kuma in ban da wasu mazaɓu ƙalilan na birane, zaɓen hawa-hawa aka yi: masu biyan haraji su zaɓi wakilan ƙauye, na ƙauye su zaɓi na gunduma, a haka har a kai ga ɗan majalisa. A kowane mataki hakimi da dagaci suna nan suna kallo.

Wannan tsari ba Nijeriya ce ta fara shi ba. A Amurka ma, har zuwa 1913, majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatoci, bibbiyu daga kowace jiha. A 1858 Abraham Lincoln da Stephen Douglas sun zagaya jihar Illinois suna muhawara a kan bauta, jam'iyyar Lincoln ta fi samun ƙuri'un jama'a, amma majalisar jihar ta ba Douglas kujerar da ƙuri'a 54 a kan 46. Bayan Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1860, jihohin Kudu suka fara ɓallewa, sanatocinsu suka tattara nasu-ya-nasu suka fice, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 1861. Bambancin shi ne Majalisar Dattawan Amurka tana da ƙarfi ƙwarai, a cikinta ake gwabza rikicin ƙasa. Ta Nijeriya an ɗauko daidaiton kujerunta daga irin tsarin Amurka, an kuma ɗauko rauninta daga majalisar iyayen ƙasa ta Ingila. Dokar kuɗi wata ɗaya kawai za ta iya jinkirta ta, sauran dokoki wata shida, daga nan Majalisar Wakilai ta wuce da abinta.

Duk da haka ba a rasa inda take da hannu ba. Gyaran tsarin mulki da ƙirƙiro sabuwar jiha suna buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu. Daga 1963, da ƙasa ta zama jamhuriya, zaman haɗin gwiwar majalisun ne ke zaɓen Shugaban Ƙasa, kuma in ba ya nan Shugaban Majalisar Dattawa ne ke riƙon ƙwarya. Ta kuma zama ƙofar shigo da ƙwararru cikin gwamnati ba tare da sun sha ƙurar yaƙin neman zaɓe ba. Dakta Moses Majekodunmi, Ministan Lafiya, sanata ne, kuma shi aka naɗa Kantoman Jihar Yamma da aka kafa dokar ta-ɓaci a Mayun 1962. Alhaji Nuhu Bamalli na Zazzau yana sanata ya riƙe muƙamin minista a ma'aikatar harkokin waje. Mace ta farko da ta shiga majalisar tarayya, Wuraola Esan ta Ibadan, ta wannan ƙofa ta shiga a 1960. Shugabannin majalisar uku ne: Dakta Nnamdi Azikiwe, wanda ya bar kujerar ya zama Gwamna Janar a 1960, sai Dennis Osadebay, sai Nwafor Orizu daga 1963.

Illar tsarin a fili take. Wanda gwamnatin jiha ta aiko ba zai tsaya ya ja da ita ba. Daidaiton da aka yi tsakanin jihohi ne, wato tsakanin manyan jam'iyyu uku, bai sauko kan ƙananan ƙabilun da ke cikin kowace jiha ba, alhali koke-kokensu ne suka sa aka kafa kwamitin Willink a 1957. Tibi da ke rikici da gwamnatin Kaduna a 1960 da 1964, da mutanen bakin teku da ke kuka da gwamnatin Gabas a Inugu, ba su sami wurin kai ƙara a majalisar da aka ce ta masu rauni ce ba.

Ƙasar Yauri tana da nata abin da ya isa a kai gaban irin wannan majalisa, kuma a daidai waɗannan shekaru. A 1962 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar gina madatsun ruwa a kogin Kwara, madatsar Kainji kuwa ita ce babban aikin shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968. A 1964, shekarar zaɓe, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, kamfanin Impregilo na Italiya ya kama aiki. Madatsar tana ƙasar Borgu, amma ruwan da za ta tare zai koma baya ne har fiye da kilomita 130, ya haura zuwa Yelwa, ya shafe fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300. Kimanin mutum 44,000 ne aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka 239, aka zaunar da su a sabbin matsugunai 141. Garin Busa ɗungurungum aka tasa. A ɓangaren Yauri abin ya fi taɓa Gungawa, mazauna tsibiran kogi, waɗanda suka shahara da noman albasa na rani a bakin ruwa, da Kambari na gaɓar kogi, da Lopawa, da Sarkawa masu su. Gonar fadama wadda ambaliya ke sabunta mata taki kowace shekara ba a musanya ta da gonar tudu a ce an biya.

Da farko kuɗi aka riƙa biya kowa ya gina wa kansa. Da aka ga aikin ba ya sauri, ruwa kuma ba zai jira ba, sai hukuma ta koma gina gidajen da kanta, na siminti masu rufin kwanon asbesto, waɗanda wasu iyalai suka shiga, wasu kuma suka bar su suka gina irin nasu a gefe. Ba a musun amfanin Kainji ga Nijeriya, domin wutar da ta haska birane da masana'antu shekara da shekaru daga nan ta fito. Abin da ya kamata a faɗa shi ne waɗanda suka ba da ƙasarsu ba su da wani sanata da za su ce mu muka tura ka, je ka tambayi diyyarmu.

A cikin wannan hali aka shiga zaɓen 1964. Tun kafin a buga gangar siyasa ƙasa ta riga ta yi zafi. An soke ƙidayar 1962 saboda gardama, aka sake wata a 1963, wadda ta ce 'yan Nijeriya miliyan 55.6 ne, Arewa na da miliyan 29.8. Gwamnatin Gabas ta ƙi amincewa, ta je kotu, ba ta yi nasara ba. Bisa wannan ƙidaya aka sake raba kujeru 312: Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, Tsakiyar Yamma 14, Legas 4. A watan Yuni ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na kusan mako biyu a kan albashi. Ƙawancen jam'iyyun NPC da NCNC wanda ya riƙe gwamnati tun 1959 ya ruɓe daga ciki. Jam'iyyu suka rabu gida biyu. NNA ta haɗa NPC ta Sardauna da NNDP ta Samuel Akintola, Firimiyan Yamma, da wasu ƙananan jam'iyyu. UPGA kuwa ta haɗa NCNC ƙarƙashin Michael Okpara, da AG wadda shugabanta Obafemi Awolowo ke kurkuku, da NEPU ta Malam Aminu Kano, da UMBC ta Joseph Tarka.

A ƙauyukan Arewa ba da waɗannan haruffa ake siyasa ba, da alama ake yi. Fartanya ta NPC ce, masu kirarin Salama. Tauraro na NEPU ne, 'yan Sawaba. Zakara na NCNC. Kowane ɗan takara da akwatinsa mai ɗauke da alamarsa, an jera su a bayan labule, mai zaɓe ya shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa a wanda yake so. A rubuce sirri ne. Amma kafin a kai ga labule akwai En'e, hukumar mulkin masarauta. Izinin yin lacca daga hannunta yake fitowa, 'yan doka nata ne, kotun alƙali da gidan yari nata ne, kuma manyan ma'aikatanta su ne galibi 'yan takarar NPC. Ɗan adawa da ke neman mutanen da za su sa masa hannu a takardar tsayawa takara yakan tarar kowa na tsoron abin da zai biyo baya a wajen haraji ko gona. 'Yan UPGA sun yi kukan cewa an kama 'yan takararsu, ko jami'an zaɓe sun ɓuya har ranar rufe karɓar takardu ta wuce. Sakamakon haka 'yan takarar NPC fiye da 60 aka bayyana sun ci babu hamayya. A Gabas ma an bayyana wasu 'yan NCNC haka, domin kowace gwamnatin jiha tana matse abokan hamayyarta a gidanta. Shugaban hukumar zaɓe ta tarayya, Eyo Esua, ya fito ya amince cewa an sami kurakurai, wasu mambobin hukumar suka ajiye aiki.

UPGA ta nemi a ɗage zaɓe, Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ƙi. Ranar 30 ga Disamba 1964 aka yi shi, UPGA ta ƙaurace. A Gabas ba a buɗe rumfuna ba, a Legas kusan haka, a Arewa kuwa aka yi zaɓe NPC ta kwashe kujeru 162 cikin 167. Wannan adadi shi kaɗai ya haura rabin Majalisar Wakilai. Shugaban Ƙasa Azikiwe ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi kwanaki ba a san inda aka dosa ba, har sai da manyan alƙalai, Sa Adetokunbo Ademola da Sa Louis Mbanefo, suka shiga tsakani. Ranar 4 ga Janairu 1965 aka sasanta a kan gwamnatin haɗin kan ƙasa, ranar 18 ga Maris kuma aka yi zaɓen cike gurbi a inda aka ƙaurace. A ƙarshe NNA na da kujeru 198, UPGA 109.

Abin da ya fi jan hankali a wannan rikici shi ne waɗanda suka kashe wutar: alƙalai ne, tare da shugabannin soja da na 'yan sanda da suka nuna cewa umarnin Firayim Minista za su bi. Majalisar da aka kafa musamman don irin wannan rana ba ta taka wata rawa ba. An rushe ta tare da Majalisar Wakilai kafin zaɓe, kuma da aka zo sake cika ta, gwamnatocin jihohin nan da ke faɗa da juna su ne suka aiko da sunaye. A Arewa Majalisar Dokokin da aka zaɓa a 1961, wadda NPC ta mamaye, ita ce ta amince da su. Rigimar da ke ƙasa ita aka kwasa aka kai sama.

Daga nan abubuwa suka yi ta gangarawa. Zaɓen Jihar Yamma na 11 ga Oktoba 1965 ya zo da maguɗi a bainar jama'a, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe. Daren 15 ga Janairu 1966 wasu manjojin soja suka kashe Sardauna a Kaduna, da Akintola a Ibadan, da Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh a Legas, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Azikiwe yana ƙasar waje, don haka Shugaban Majalisar Dattawa Nwafor Orizu ne ke riƙe da ƙasa. Ministocin NNA da suka tsira sun tsayar da Zanna Bukar Dipcharima ya zama Firayim Minista na riƙo. Orizu bai rantsar da shi ba. Daren 16 ga Janairu ya yi jawabi a rediyo ya miƙa mulki ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Babban aiki mafi nauyi da ya taɓa faɗowa kan kujerar Shugaban Majalisar Dattawa a Jamhuriya ta Farko ke nan, kuma da shi majalisar ta rufe.

Dokar soja mai lamba 34 ta 24 ga Mayu 1966 ta soke tsarin tarayya, tarzoma ta tashi a biranen Arewa, juyin mulki na biyu ya zo ranar 29 ga Yuli, aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a watannin Satumba da Oktoba. Ranar 27 ga Mayu 1967 shugaban mulkin soja Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Yauri ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato. Bayan kwana uku Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, ya ayyana ɓallewar Biyafara, yaƙi ya fara ranar 6 ga Yuli 1967, bai ƙare ba sai 15 ga Janairu 1970. Ana cikin yaƙin ruwa ya fara taruwa a bayan madatsar Kainji a 1968, tsibiran Gungawa suka nutse, Gowon ya buɗe tashar a Fabrairun 1969. A lokacin babu majalisa ko ɗaya a ƙasar.

Sai ranar 7 ga Yuli 1979 mutumin Yauri ya fara jefa ƙuri'ar sanata da hannunsa, kuma a wannan karo har da mata, waɗanda suka sami 'yancin zaɓe a Arewa a 1976. Masu tsara kundin 1979 sun gyara abu biyu da suka lalata majalisar farko: suka mayar da zaɓen hannun jama'a, suka kuma ba majalisar ƙarfi, ta yadda doka ba ta wucewa sai da yardarta, minista ko jakada ba ya kama aiki sai ta tantance shi. Kowace jiha cikin 19 ta sami sanatoci biyar, jimilla 95. An ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. A tsarin 1999 kowace jiha na da uku, Abuja ɗaya, jimilla 109. Yauri da Ngaski da Shanga suna mazaɓar Kebbi ta Kudu tare da Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, kuma ƙananan hukumomin uku suna da kujera ɗaya tasu a Majalisar Wakilai.

Dokar kafa HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, ta fito daga majalisar tarayya da jama'a suka zaɓa, a 2010, shekara 42 bayan cikar tafkin, kuma sai da aka ƙara kimanin shekara goma kafin hukumar ta fara aiki. Ambaliya, da zaizayar gaɓa, da hatsarin jiragen ruwa irin wanda ya ci rayuka masu yawa kusa da Wara a Mayun 2021, duk batutuwa ne da ke da wurin zama a zauren Majalisar Dattawa a yau. Kakannin mutanen bakin tafki sun bar gonakinsu ba tare da sanatan da za su tuhuma ba. Jikokinsu suna da shi, kuma haƙƙinsu ne su tambaye shi abin da ya yi a kan waɗannan batutuwa kafin su sake ba shi ƙuri'a.